Yadda Aka Yi Dillancin Jakuna da Hancina

Ɗan wan mahaifina ya yi kasuwanci da hancina damina bayan damina, yana ce mini magani yake nema mini, kuma a dalilinsa na rasa matar da na so in aura. Abin da ya yi mini ke nan. Na faɗa tun da farko ne don kada wani ya karanta rabi ya ce ai wasa ne irin na 'yan'uwa. Shi ma haka yake cewa, yana dariya yana riƙe ciki. Ni har yau ban gano wurin dariyar ba.

Bari in fara da ciwon. Tun ina yaro a Azare, da zarar gero ya fitar da kai ya fara bununi, wato garin nan mai ruwan ɗorawa da iska ke kaɗowa daga jikinsa, sai hancina ya tashi. Atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi jawur, maƙogwaro yana ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Gero ya gama, maiwa ta karɓa. Maiwa ta gama, dawa ta ɗauka, ga ƙyasuwa a bakin hanya tana taya su. Sai an yi girbi an share gonaki nake komawa mutum. Mahaifiyata ta ce mayu ne. Kakata ta ce na taka sawun aljani. An turara ni, an ba ni rubutu na sha, wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya har sai da na ga gari yana juyawa. A elementare ban wuce aji biyu ba, don in na fara atishawa yara sai su bar karatu su koma ƙirga mini, malam kuwa ya ce ba zai iya da mu biyu ba, ni da hancina. Na fita da ɗan abin da ya ishe ni karanta sikeli, shi nake yi wa masu awon gyaɗa da kaka da rani. Da damina ba ni da wata sana'a sai atishawa.

Da na zama saurayi, wajen shekarun da sojoji ke dawowa daga yaƙin Bama, na kai kaina ɗakin magani. Malamin da ke wurin ya leƙa hancina, ya ce ba mayu ba ne, ba aljani ba ne, bununi ne da furen ciyawa, akwai mutanen da jininsu ba ya shiri da su. Ya ce shi ba shi da maganinsa. In nisanci gona, in nisanci fadama musamman, da hantsi in zauna a ɗaki. Ya ba ni wani ruwa mai ɗaci a kwalba don kada in tafi hannu wofi. Na sha, ya yi aikinsa a cikina sosai, hancin kuwa bai ma san an yi ba.

Shi wannan ɗan wan mahaifin nawa, Yaya nake ce masa, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma dillalin jakuna ne a kara, wato kasuwar dabbobi. Mutum ne mai faɗin fuska da taushin murya, in yana magana sai ka ji kamar mai yake shafa maka. Abin da aka san shi da shi, ba ya rantsuwa. Sauran dillalai kafin a sayar da jaki ɗaya sun kira sunan Allah ya fi a ƙirga, wani har ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Shi kuwa sai ya ce, "Ni ba na rantsuwa a kan dabba." Mutane suka ɗauka tsoron Allah ne. Tsoron Allah ne kuwa, amma irin na wanda ya san ƙarya yake yi.

Da ya ji abin da malamin ɗakin magani ya faɗa, har gida ya zo ya same ni.

"Fadama ya ce ka guje wa?"

"Haka ya ce, Yaya."

"Shi mutumin ina ne?"

"Ban tambaye shi ba."

"To ka gani. Ƙanena, wannan ciwon na tudu ne. Azare ba kogi, ba danshi, hanci ya bushe ya tsattsage. Iskar ruwa yake so. Bana ka bi ni Katagum ka zauna bakin kogi ka shaƙa. Ci da sha duk a kaina."

Mahaifiyata har da hawaye tana sa masa albarka. Na bi shi.

Mukan tashi da garken jakuna ana tsakiyar marka, don gab da kaka kowane manomi yana neman jakin da zai kwaso masa amfanin gona. Mu bi ta Sakwa, mu isa bakin kogi, masu fito su ƙetare da mu, jakuna suna iyo ana jan su da igiya. Katagum a wannan lokacin kore take shar. Fadama cike da burgu da ciyayin da ban san sunansu ba, kowacce ta fitar da kai, gero ya zo har bayan gidaje, wasu ma a tsakar gida suke shuka shi. In rana ta ɗaga raɓa ta bushe, da idonka za ka ga abin yana tashi kamar hayaƙi. Tun muna tsakiyar ruwa na fara. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Madalla. Ciwon ne yake fita."

Yanzu sai in faɗi abin da ya mai da hancina jari. Kowa ya san in mutum ya yi atishawa ya ce alhamdu lillahi, sai a ce masa yarhamukallahu. To mutanenmu suna da ƙari a kai, kuma na Katagum a wancan zamani sun riƙe shi da ƙarfi: in mutum yana cikin magana wani ya yi atishawa, maganar gaskiya ce, an yi mata shaida. Wasu malamai sun yarda, wasu murmushi kawai suke yi, amma a kara ba a tambayar malamai. Sai dai akwai sharaɗi. Ɗaya shaida ce. Biyu shaida ce mai ƙarfi. In ta kai uku, sai a ce mura ce, mai mura kuwa ba a ɗaukar shaidarsa.

Ga yadda Yaya ya tsara jinyata. Da safe ya rufe ni a ɗaki, ya toshe kafar ƙofa, wai kada iskar ta yi mini yawa lokaci guda. In kara ta cika, ya jiƙa tsumma ya rufe mini hanci da shi, ya kamo hannuna kamar makaho, ya zaunar da ni a tabarma gindin wata tsamiya kusa da turakun jakunansa. Shi kuma ya zauna dab da ni da wani ƙaton mafici na kaba.

Mai saye ya zo, ya buɗe bakin jaki, ya ɗaga wutsiya, ya ce, "Wannan ai ya ga jiya."

"Wannan? Bana ya fara ɗaukar kaya. Yaro ne ɗanye."

"Rantse."

"Ni ba na rantsuwa a kan dabba. Na dai faɗa maka, yaro ne ɗanye." Sai ya juyo wajena da fuskar tausayi. "Sannu ƙanena, zafi ko?" Ya janye tsumman, ya kaɗa mini mafici.

Sai atishawa ta zo.

"Alhamdu lillahi," in ji ni, don haka aka koya mini.

"Yarhamukallahu," in ji duk wanda ke kusa.

Yaya ba ya ƙara komai. Tafin hannu kawai yake buɗewa ya dubi mai saye. In ta biyu ta biyo baya, sai ya sunkuyar da kai kamar wanda abin ya fi ƙarfinsa. Amma da ya ga na ja numfashi zan kawo ta uku, sai ya damƙe hancina da tsumman nan ya matse, yana cewa, "Ya isa, ya isa, kada ka wahalar da kanka," har sai ta koma ciki ta fashe mini a kunne. Mata masu tallan fura suna cewa, "Allah sarki, ka ga ɗan'uwa na gari." Ni ma haka nake cewa a raina.

Na san za a ce yaya aka yi ban gane ba. Wanda zai faɗi haka bai taɓa yin wannan ciwon ba. Mai irin wannan atishawa ba ya bin zancen mutane. Kunne a toshe, ido yana ruwa, duk hankalinka yana can cikin hanci yana jiran ta gaba. Ni na ɗauka mutanen Katagum ne Allah ya yi su masu yawan addu'a. Da suka fara kirana Mai Shaida ma, na zaci labarin sikelina ne ya iso musu, don ni ban taɓa danne awo ba. Kowace shekara in ce, "Yaya, ni fa kamar ƙaruwa yake yi." Ya ce, "Tsohon ciwo ne. Baɗi ma sai mun zo."

A bakin karar akwai wata bazawara mai sayar da bandar kifi. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, ba ta iya ɓoye dariya. Mahaifinta shi ne babba a cikin masu fito. Ranar da ta fara yi mini magana, cewa ta yi, "Malam, kai kullum cikin kuka, wa ya mutu?"

Na ce, "Hancina."

"To ai gawar tana motsi."

Tun daga nan takan kawo mini romon kifi mai yaji, wanda yake buɗe mini kai na ɗan lokaci in ga duniya. In kowa ya gama yarhamukallahu, ita ce kaɗai take ce mini sannu. Ba zan tsawaita ba. Na ce ina so, ta ce in ta yarda wa zai riƙa wanke tsumman, na ce ni, ta ce to a je a ga Baba. Da na gaya wa Yaya, murnar da ya yi ta fi tawa. Ya ce, "Sai ma ka tare a Katagum gaba ɗaya. Mu sama maka ɗaki a bakin fadama."

Abin da ban sani ba, a daminar nan Yaya ya riga ya sayar wa mahaifinta jaki. Tsohon yana neman wanda zai riƙa hauro masa da kayan matafiya daga bakin ruwa zuwa gari. Yaya ya nuna masa wani ja mai kyan gani, ya ce wannan har Barno ya je ya ɗauko kanwa, bai taɓa kwanciya da kaya ba. An ce atishawa biyu na yi, masu ƙarfi. Jakin nan kuwa, ba sai an ɗora masa kaya ba, da ya hango akumari, shimfiɗar da ake ɗora masa kafin kaya, sai ya durƙusa ya miƙe ƙafafu kamar an yanka shi. A doke shi, a ja shi, a yi masa kirari, yana nan. Da an mai da akumarin ɗaki sai ya tashi ya kama kiwo. Har ta kai tsohon shi ke ɗaukar kayan a ka yana haurowa, jakin yana biye da shi a baya yana taya shi tafiya. Shekara guda masu fito suna dariyar wannan abu, a gabansa da bayan idonsa.

Da muka dawo damina ta gaba, na je wajen da take banda a bakin ruwa, da tsummana a hanci. Ta dube ni ba ta yi dariya ba.

"Malam, zan tambaye ka. Da baki nake son amsa, ba da hanci ba."

"Ina ji."

"Ka san inda Yayanka yake zuwa da hantsi in ya rufe ka a ɗaki?"

"Wajen jakuna mana."

"Da mafici? Gonar bayan gidanmu yake shiga. Ya riƙa bin kan gero ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗe shi a kan maficin, kamar mai barbaɗa yaji a tsire. Ya juya ɗaya gefen ma ya barbaɗa. Na gan shi bara, na ce ko wani surƙulle ne na dillalai. Jiya na sake ganinsa, sannan na tsaya a kara na kalli lokacin da yake yi maka fifita."

Na zauna a ƙasa, kan laka. Duk tabarmar nan, duk tsamiyar nan, duk sannu ƙanena, suka dawo mini lokaci guda. Ita kuwa dariyar da ta riƙe ta ƙwace mata, har tana dafa ragar kifi. Da ta ga fuskata sai ta haɗiye.

Ta ce, "Baba ya ce bakinku ɗaya. Ni na ce masa a'a. Na ce ba a haifi mutumin da zai yarda a yi masa haka da saninsa ba, wannan wauta ce zalla."

Na ce, "Na gode."

"Ya ce ku zo zai saurare ku. Amma in hancinka ya motsa a kan maganar Yayanka ko sau ɗaya, ku naɗe tabarmarku. Kuma kada ka ce sai rani. Wani manomi daga Gololo ya riga ya aiko, Baba ya ce a makon nan zai yanke."

Ka ga inda aka saka ni. Mutum ba ya zuwa neman aure da bakinsa, sai da babba. Mahaifina ya rasu, kuma a duk faɗin Katagum ba ni da wani babba sai mai maficin. Don haka ban ce masa komai ba. Na dai ɗauki maficin na kai shi bakin kogi na wurga, na tsaya har ruwa ya tafi da shi.

Da ya neme shi na ce, "Ya faɗa ruwa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Na ce, "Yaya, gobe gaskiya kawai za ka faɗa a kaina."

"Ƙanena, neman aure za mu je, ba wa'azi ba."

Na shirya kamar mai fita yaƙi. Na sayi man shanu wajen Fulani na cika kafofin hancina da shi, na mulmula auduga na toshe kowacce, na ari rawani na ja amawali har ƙasan ido. Da baki nake numfashi kamar kifin da aka jefo tudu. Bayan la'asar muka isa zauren tsohon. Yana zaune a kan buzu, ƙannensa biyu suna gefe, su ma masu fito ne. Ƙofar baya ta zauren a buɗe, kuma daga ita sai gonar geron nan, iska tana kaɗa ta tana turowa ciki. A ƙofar gaba ga jakin a ɗaure, a kwance, yana kallonmu.

Aka gaisa, aka ajiye goro. Tsohon ya ce, "Yaro, sauke amawalin. Ina son in ga da wa nake magana."

Na sauke. Yaya ya gyara murya.

"Baba, wannan yaron da kake gani malamin boko ne. Turawa ma nemansa suke yi."

Ba wanda ya dubi Yaya. Su ukun hancina suke kallo. Na ji ta taso daga can sama, na ciji harshe, ta koma.

"Gidansa a Azare na soro ne, da rijiya a ciki."

Ɗakin ciyawa ne a gidan mahaifiyata, kuma yana yoyo. Na danne babban yatsan ƙafata da dunduniyar ɗaya ƙafar har na ji ƙashi. Man shanun ya fara narkewa yana gangaro mini kan leɓe. Na bar shi.

"Ciwon nan ma ya kusa rabuwa da shi. Bana ne ƙarshe."

A nan na tuna da mutuwa, na tuna da kabari, na tuna da ruwan kwalbar nan mai ɗaci. Hawaye suna zuba, jijiyar wuyana ta tashi, amma shiru. Yaya ya yi ta zubawa, ya ba ni shanu a Dambam, ya ba ni kakan da ban taɓa ji ba, kuma duk ƙarshen magana sai ya ɗan tsaya, don ya saba. Ba abin da ya biyo baya. Na ga fuskar tsohon ta fara saki. Ɗaya daga cikin ƙannensa har ya miƙa hannu ya ɗauki goro.

Tsohon ya ce, "To. Dillali ya yi nasa, hanci bai taya shi ba. Na gani." Ya juyo gare ni. "Yaro, saura kai. Mutanen bakin ruwa suna cewa da saninka aka sayar mini da wancan abin da ke kwance, kuma har kasonka ake ba ka."

Na buɗe baki zan ce wallahi. Ni ina rantsuwa, don ba ni da abin tsoro. Amma kafin mutum ya rantse sai ya ja numfashi, ni kuwa a ruɗe na ja shi ta hanci. Duk wadda na danne tun shigowarmu ta haɗu ta fito a dunƙule. Jakin da ke waje sai da ya miƙe tsaye. Audugar hancin dama ta tashi da man shanunta ta je ta manne a gemun tsohon.

"Alhamdu lillahi," in ji bakina, ban sa shi ba.

Can sai ƙaramin ƙanen ya ce, "Yarhamukallahu," a hankali, don wajibi ne, ba don yana so ba.

Ban karaya ba tukuna. Ɗaya ce. In na kawo biyu a kai ta zama mura, magana ta mutu. Kuma wane ne ya fi ni iya wannan a ƙasar Katagum? Na zauna ina jira. Su ma suna jira, don mutane ne masu adalci. Hancin da ya hana ni karatu, ya hana ni barci, ya hana ni noma tun ina yaro, ranar nan ya buɗe fes. Ban taɓa shaƙar iska mai daɗi irin ta wannan lokacin ba. Na zare ɗaya audugar. Na juya wajen ƙofar gona na shaƙa. Na ƙara shaƙa har da ƙara. Na ɗaga kai na kalli haske. Na murza karan hancin. Ko alama.

Ƙannen suka dubi juna. Na ga tsohon ya fara jawo takalminsa. Hankalina ya tashi, na kamo hannun rigar Yaya na ce, "Yaya, ina maficin?"

Wannan kalma ita ta ƙarasa ni, kuma shi ya koya wa jikina ita. Tsohon ya sa yatsu biyu ya cire audugar daga gemunsa, ya ajiye ta a gabana kusa da goron, ya turo mini su tare. Ya ce, "Ku gaida mutanen Azare."

Muna fita, daidai inda jakin yake, atishawar ta ɓarke, suka zo a jere. Ban ƙirga ba, amma sun ishi a yi wa duk karar Katagum mura. Daga bayan zana na ji dariyarta, irin wadda take ƙwace mata, daga baya kuma na ji sautin ya canza, ban tsaya na ji ƙarshensa ba. Kafin a yanke gero aka kai ta Gololo.

Washegari ƙannen tsohon ne suka ƙetare da mu. Muna tsakiyar ruwa Yaya ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ka ga illar gaggawa. Da ka bar mini maficin nan, da na fitar maka da ukun cif."

Duk tsawon hanya na riƙa tafiya nesa da shi, can bayan jakuna, don kada ya faɗi wata magana hancina ya sa masa hannu. Na yi aure daga baya a Azare, na haifi 'ya'ya, wannan ba zancensa ba ne. Katagum kuwa ban sake taka ta ba. Amma maganar da ke cikina ban bar ta ta kwana shekara ba. Jira kawai na yi a yi girbi, a ɗaure dawa, a share gonaki, hancina ya kwanta, don ina son ranar da zan yi magana ya zama ni kaɗai ne nake yi.

Ranar kasuwa na same shi a karar Azare, yana tsakiyar ciniki, dillalai sun kewaye shi. Wani mutumin ƙauye yana ce masa ya rantse, shi kuma yana ta waige-waige. Da ya hango ni fuskarsa ta washe.

"Ga ƙanena. Zo zauna kusa da ni. Ai fushi ya wuce ko? Baɗi ma in Allah ya kai mu..."

Ban zauna ba. Na tsaya a gabansa inda kowa zai ji, na ce, "Yaya, ka girme ni, ba zan zage ka ba. Amma kai maƙaryaci ne, kuma matsoraci, don ko ƙaryarka ba ka iya ɗauka da bakinka ba sai da ka ari hancin maraya. Ka kai ni inda aka ce kada in je, ka zuba mini ciwo da hannunka, ina yi maka godiya. Ka raba ni da matar da take ce mini sannu. Ga mutum nan yana jira, ka rantse masa kamar kowane dillali, ka ɗauki zunubinka da kanka. Ni ban yafe ba. Ranar da za a rufe bakuna gaɓoɓi su yi magana, hancina zai tashi ya faɗi jakunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma a can ba ka da hannun da za ka matse shi."